Zango bakwai a filashi ɗaya: Deep Space Nine a hannun masu tura-tura na Samaru

A ɗaya daga cikin shagunan tura-tura da ke bakin titin Samaru, daura da jami'a, ana sayar da Star Trek: Deep Space Nine iri biyu. Akwai cikakke, akwai kuma wanda yaran shagon ke kira zaɓaɓɓe, wato kashi sittin da 'yan kai da wani ya tsamo ya ce su ne masu zafi. Zaɓaɓɓen ya fi tafiya, don yana shiga filashi mai 16GB kuma ba a daɗe ana jiran turi. Hukuncinmu tun daga farko shi ne kada a saye shi ko da kyauta aka bayar, kuma cikakken ma kada a bar shagon da shi sai an duba abubuwa uku ko huɗu. Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani cewa akwai tonon labari a nan, domin ba a iya auna aikin shagon ba tare da an faɗi abin da yake yankewa ba.

Fim ne mai dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya, an haska shi a Amurka daga Janairun 1993 zuwa Yunin 1999. Rick Berman da Michael Piller ne suka ƙirƙiro shi. Zango bakwai ne, kashi 176: na farko yana da 20, sauran shidan kowanne 26, kowane kashi kimanin minti 45. Idan aka haɗa, awa 130 da wani abu ke nan. Abin da ya raba shi da 'yan'uwansa na gidan Star Trek shi ne ba a jirgi ake zaune ba, a tashar sararin samaniya ake, kusa da wata duniya mai suna Bajor wadda ta fito daga mulkin mallakar Cardassia na shekara hamsin. Mutanen jirgi in sun yi ɓarna yau, gobe sun yi gaba. Mutanen tasha kuwa dole su wayi gari da wanda suka ɓata wa jiya. Daga nan duk ƙarfin fim ɗin ya fito, kuma daga nan zaɓaɓɓen shagon ya faɗi.

A ɗauki Nog. A kashin farko yaro ne ɗan ƙabilar Ferengi, mutanen da riba ce alƙiblarsu, kuma an fara ganinsa ne an kama shi da sata. Bai iya karatu ba. A kashi na 11 na zangon farko, mai suna "The Nagus", Kwamanda Sisko, shugaban tashar, ya bi sawun ɗansa Jake da dare yana zaton yawon banza yake zuwa, sai ya tarar da shi a ɗakin ajiyar kaya yana koya wa Nog karatu. Minti biyu ne ko ƙasa da haka, ba harbi, ba jirgi. Babu shi a zaɓaɓɓe.

Sai zango na 3, kashi na 14, "Heart of Stone". Nog ya shiga ofishin Sisko da ƙunshin kuɗi, bisa al'adar mutanensa ta sayen gurbin almajiranci, yana roƙon takardar shaida don ya shiga makarantar horon hafsoshi. Sisko bai yarda da shi ba. Aka ba shi ƙidayar kayan wani ɗakin ajiya shi kaɗai, da kaya masu tsada a ciki, a ga ko hannunsa zai yi halinsa. Ya ƙidaya komai daidai, ko allura ba ta ɓace ba. Duk da haka Sisko ya ce a'a, ya matsa masa da tambaya har yaron ya fashe ya faɗi abin da ke cinsa: ba ya so ya ƙare kamar mahaifinsa Rom, mutumin da Allah ya ba basirar gyaran inji amma ya kashe rayuwarsa yana bin kasuwancin da ba shi da kansa. Duk wanda ya taɓa zama a Sabon Gari ya san irin wannan uban, gwanin hannu da aka ɗaure a kanti. Wannan labarin ma ba shi ne babban labarin kashin ba, a gefe aka saƙa shi, shi ya sa mai tsamo "masu zafi" bai gan shi ba.

Abin da zaɓaɓɓen ya ɗauko shi ne zango na 7, kashi na 8, "The Siege of AR-558", inda Nog, yanzu ƙaramin hafsa, ya rasa ƙafa a fagen daga. Yaƙi ne, don haka ya shiga. Amma kashi na 10, "It's Only a Paper Moon", an bar shi, alhali nan ne aka biya bashin da aka ci tun 1993. An sa masa sabuwar ƙafa, likitoci sun ce lafiyarta lau, shi kuma ya ƙi rabuwa da sanda. Ya ƙaurace wa kowa, ya tare a ɗakin da na'ura ke ƙaga wurare da mutane kamar gaske, a cikin wani gidan waƙa na Las Vegas na 1962, yana yi wa mawaƙin da ba mutum ba lissafin kuɗin shiga. Sai da mawaƙin ya kashe shirin da kansa sannan Nog ya yarda ya ce tsoro yake ji. Aron Eisenberg, wanda ya fito a matsayin Nog, ya rasu a 2019, kuma wannan kashin ne mafi girman aikinsa a fim ɗin. Wanda ya sayi zaɓaɓɓe zai ga wani soja mai manyan kunnuwa an harbe shi, ya ce Allah sarki, ya wuce. Bai san ɓarawon yaron da aka koya wa karatu a ɓoye ba ne.

Yanzu ga inda cikakken ma yake da tarko, kuma wannan laifin shagon ne tsantsa. Sunayen fayil ɗin a zango na 6 da na 7 an rubuta su ne 1, 2, 3 har 26, ba sifili a gaba. Kwamfutar shagon tana jera su daidai, don haka yaron da ke turi bai taɓa ganin matsala ba. Amma yawancin talabijin da dikoda masu ramin filashi harafi-harafi suke jeri: 1, sai 10, 11, 12 har 19, sannan 2, sai 20. Ma'ana a zango na 7, daga kashin farko kai tsaye za ka faɗa na 10, ka ga Nog yana ɗingishi da sanda, ba ka san me ya same shi ba, kuma ba za ka ga kashi na 8 ba sai bayan ka gama kallon ƙarshen fim ɗin gaba ɗaya. Maganin ba wuya: a sa yaron ya sake sunayen su koma S07E01, S07E02, har ƙarshe, kafin ya tura. Aikin minti biyar ne. Ga yadda cinikin ke kasancewa in an nemi haka:

"Malam, ai duk ɗaya ne, suna ciki gaba ɗaya."

"Na sani suna ciki. Sa mini sifili a gaban ɗaya zuwa tara."

"Wallahi Malam kai ne na farko da ya taɓa cewa haka."

Yana yi in an tsaya a kansa, kuma ba ya ƙara kuɗi. A yaba musu a nan: ba su da saurin fushi, kuma in fayil ya ƙi buɗewa suna sake turawa ba gardama.

Sai lamba. Kashin buɗe fim ɗin, "Emissary", da na buɗe zango na 4, "The Way of the Warrior", da na rufewa, "What You Leave Behind", kowanne mai tsawon kashi biyu ne. Wasu kwafin suna haɗe su a fayil ɗaya, wasu suna rabawa. Don haka in ka ƙirga ka ga 173 maimakon 176, ba lallai an cuce ka ba. Duba ko waɗannan ukun sun kai awa ɗaya da rabi. In ka ga 19 a zangon farko kuma "Emissary" minti 45 ne kawai, to rabi aka ba ka. Lambobin da ke cikin wannan rubutu na lissafin 176 ne.

A koma kan mutanen, don Nog ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ne ma ya fi ba da mamaki ba. Kira Nerys ta shigo labarin ne a matsayin tsohuwar 'yar tawayen Bajor wadda ta tashi tana dasa wa Cardassia bam, kuma ba ta ɓoye cewa duk ɗan Cardassia abokin gaba ne. A kashi na 19 na zangon farko, "Duet", ta kama wani da take zaton shi ne shugaban wani sansanin bautar da mutanenta. Ashe akawun sansanin ne, mai ajiye takardu, ya sauya fuska ya ɗauki sunan maigidansa don a gurfanar da shi, ƙasarsa ta amsa laifinta. Ta sake shi, wani ɗan Bajor ya daɓa masa wuƙa a kan hanya. Mutum biyu ne a ɗaki mafi yawan kashin, magana kawai suke. Shekara shida bayan haka, a ƙarshen zango na 7, ita ce aka tura ta koya wa 'yan Cardassia yadda ake tawaye, don su kori Dominion, daular da su Sisko ke yaƙi da ita, wadda ta mamaye su. Ba wai ta yafe ba ne. Marubutan ba su yi mata wannan rashin adalcin ba. Ta dai kai inda za ta iya aiki da mutanen da har yanzu ba ta son warinsu.

Wanda take koya wa ɗin shi ne Damar, kuma a ganinmu tafiyarsa ce mafi kyawun gini a fim ɗin duka. Ya fara fitowa a zango na 4 a matsayin yaron Gul Dukat (hafsan Cardassia da ya mulki Bajor a lokacin mallaka), ɗan amshin shata mai layi biyu ko uku. A zango na 6, kashi na 6, ya harbe Ziyal, 'yar maigidan nasa, yarinyar da Kira ta riƙa kamar ƙanwa. Dominion ta ɗora shi a kan mulkin Cardassia a matsayin ɗan kore, shi kuma ya koma ga kwalba. Kusan zango ɗaya da rabi ana nuna shi a bayan fage yana sha, ana ci masa fuska yana haɗiyewa. Waɗannan 'yan gutsattsarin, minti ɗaya nan, minti biyu can, su ne ginshiƙin. Ranar da ya watsar da abin shan ya juya wa iyayen gidansa baya, mai kallon cikakke ya daɗe yana jiran ta. A kashi na 22 na zango na 7, bayan an kashe masa mata da ɗa, ya tambayi wace irin gwamnati ce ke kashe mata da yara, Kira ta mayar masa da tambayar a fuskarsa, shi kuma ya gane da wa take. Kafin kashin ya ƙare ya harbe amininsa don ya ceci ranta. A zaɓaɓɓe, Damar mugu ne a wannan fayil, gwarzo a na gaba, kamar an canza ɗan wasa.

Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, ya zo tashar ne da takabar zuci, matarsa ta mutu a yaƙi, yana neman hanyar ajiye aiki. Kwamanda ne har ƙarshen zango na 3 kafin a ƙara masa girma zuwa kyaftin. Lalacewarsa, in za a kira ta haka, mataki-mataki ce: a zango na 5, kashi na 13, ya gurɓata iskar wata duniya don ya kama mutum ɗaya da ya ci amanarsa, a zango na 6, kashi na 19, "In the Pale Moonlight", ya haɗa baki da tela Garak aka ƙirƙiri shaidar ƙarya, aka kashe wani sanatan Romulus, don a jawo ƙasarsa cikin yaƙi. Ya zauna shi kaɗai yana ba na'ura labarin, ya ce zai iya rayuwa da abin da ya yi, sannan ya goge bayanin. Wannan kam yana cikin zaɓaɓɓe, kowa yana sa shi. Sai dai nauyinsa yana zuwa ne daga sanin mutumin da yake a zangon farko, mai wa'azin bin doka. Rom kuma, uban Nog, daga wawan gidan giyar yayansa Quark ya zama jagoran yajin aikin ma'aikata a zango na 4, ya zama injiniya, ya ƙare a shugabancin ƙabilarsa. Wannan na ƙarshen an ɗan yi masa gaggawa.

Ba duka ne suka yi kyau ba, kuma mai saye ya sani. O'Brien, injiniyan tashar, a zango na 4, kashi na 19, an cusa masa tunanin zaman kurkuku na shekara ashirin a ƙwaƙwalwa har ya kusa kashe kansa. Mako na gaba ya koma gyaran waya kamar ba a yi ba. Likita Bashir an wayi gari a zango na 5 an ce tun yana yaro aka yi wa halittarsa kwaskwarima, abin da ba a shimfiɗa masa tabarma ba a zango huɗun baya, kuma ɗinkin yana nunawa. Alexander Siddig da ya fito a matsayinsa, a Sudan aka haife shi, ɗan ɗan'uwan Sadiq al-Mahdi ne, tsohon firaministan ƙasar. A zangunan farko za a ga sunansa Siddig El Fadil a rubutun buɗewa, ba kuskuren kwafi ba ne. Dukat ya fi ba da haushi. Zango biyar da rabi ana gina azzalumin da ya yarda har zuciyarsa cewa shi mai alheri ne, irin wanda ke mamakin me ya sa waɗanda ya mulka ba su gina masa mutum-mutumi ba. Bayan kashi na 11 na zango na 6 sai aka mayar da shi bokan aljanu mai jan ido. Jadzia Dax, jami'ar kimiyyar tashar, kuma an kashe ta a ƙarshen zango na 6 saboda Terry Farrell da ta fito a matsayinta ta bar fim ɗin, aka kawo Ezri a madadinta da zango ɗaya tak a gabanta, ta cinye kashi uku ko huɗu da ya kamata a ba wasu. Zangon farko da rabin na biyu suna da kasusuwa masu wuyar tauna, wannan gaskiya ne, kuma shi ne hujjar masu zaɓaɓɓe. Sai dai naman yana manne da ƙashin.

Batun hoto. A jikin babban fayil ɗin shagon an rubuta 1080p, wato babban hoto. Kada a biya ƙarin ko sisi saboda wannan. An haɗa fim ɗin ne a kaset na bidiyo mai ƙaramin hoto, fasalin 4:3 na tsohuwar talabijin, kuma ba a sake wanke shi daga asali ba kamar yadda aka yi wa ɗan'uwansa Star Trek: The Next Generation. Abin da ke kasuwa da sunan babban hoto, na'ura ce ta hura shi: fuskoki sun yi sulɓi kamar an shafa man kaɗanya, kwalliyar fuskar 'yan Cardassia ta narke. Nauyi kawai yake ƙarawa. A nemi ƙaramin kwafi, a bar baƙin gefe biyu a allo yadda yake. In aka matsa maɓallin cika allo, kowa zai yi faɗi kamar an zauna masa a kai.

Kashi ɗaya mai nauyin 250MB ya wadatar. 176 sun kama 44GB. Filashi mai 64GB zai ɗauka, amma irinsa yakan zo da tsarin exFAT, wanda tsofaffin talabijin da yawa ba sa karantawa. Ya fi sauƙi a sayi biyu masu 32GB a tsarin FAT32: zango na 1 zuwa na 4 a ɗaya, kashi 98, kusan 25GB, na 5 zuwa na 7 a ɗayan, kashi 78, kusan 20GB. Kwafin da aka matse zuwa 80MB ko 100MB yana da arha a wuri, amma tashar duhu gare ta, kuma duhu ne farkon abin da matsi ke lalatawa, sai ka ga bango yana tafasa da 'yan murabba'ai. A tambaya kuma ko tsarin matsin bidiyon x265 ne ko x264. Na farko ya fi ƙanƙanta, waya ta zamani tana buɗe shi da manhajar VLC, amma tsohuwar dikoda za ta ba ka murya ba hoto, ko ta ce ba ta san fayil ɗin ba. Na talabijin, x264.

Filashin kansa a zo da shi daga inda aka amince. Na jabu yana nuna 64GB alhali cikinsa 8GB ne, yana karɓar turi har ƙarshe ba ƙorafi, sai an je gida a tarar zangunan farko kawai ke buɗewa, ko sababbin sun hau kan tsofaffin. Manhajar H2testw tana tona shi, amma tana cin lokaci. Gajeriyar hanya ita ce a cire filashin, a sake sokawa, a buɗe kashin farko da na tsakiya da na ƙarshe na kowane zango, a ja kowanne zuwa minti na 40. Kuma a ba su filashi ko memori marar komai. Ba a miƙa wayar da ke da hotunan iyali ga kwamfutar da filashi ɗari ke shiga kullum, ko don ƙwayar cutar nan mai mayar da fayil "shortcut".

Kwafin shagon da Ingilishi yake, da rubutun ƙasan allo na Ingilishi a fayil dabam mai ƙarewa da srt. Dole sunansa ya zama daidai da na bidiyon, harafi da harafi, don haka in an sake sunan bidiyo a sake nasa. A zango na 2 rubutun yana farawa daidai sannan ya riƙa tsere wa magana. Dalilin shi ne an yi shi ne don kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, bidiyon kuma 23.976 ne, bambancin kashi huɗu cikin ɗari ne da ɗoriya, wanda kafin ƙarshen minti 45 ya kusa minti biyu. Jinkirta rubutu a VLC ba ya magance wannan, don tazarar ƙaruwa take. Sai dai a canza fayil ɗin rubutun. Fim ne na magana, Garak kaɗai ya isa ya sa mai jin Ingilishi sosai ya koma baya, saboda haka wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Masu niyyar kallo da iyali a falo su san cewa gidan giya da caca na Quark yana tsakiyar tashar kuma kusan kowane kashi ana shiga, da 'yan matan teburin caca da shigarsu. Mutanen Bajor suna bauta wa wasu halittu da suke kira da sunan da Musulmi ba zai so a yi wasa da shi ba, kuma Sisko yana da matsayi a addinin nasu. Ƙage ne na labari, amma gara babba ya san da shi kafin yaro ya tambaya. Kashi na 6 na zango na 4 ba na falo ba ne.

Wanda ke son na halal, mai hakkin mallaka a biye, akwai saitin DVD na asali mai faifai 48, jeri daidai, rubutu daidai, ba a hura hoto ba. Sai a lura da shiyya: na Amurka shiyya ta 1 ne, na Ingila ta 2, Najeriya kuma tana ta 5, don haka sai da na'urar da ba ta zaɓen shiyya. Wanda kuma zai bi ta shagon Samaru, ya je da safe kafin ɗalibai su fito daga lacca, lokacin da akwai wuta kuma yaron yana da sararin sake suna. Turin 44GB a ramin USB 2.0 zuwa filashi mai arha yana iya haura awa biyu, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiya, fayil ɗin da ake kai yakan zauna da cikakken suna amma rabin ciki. A duba nauyinsa kafin a biya.